Ƙananan Jiragen Ƙasa Masu Tururi: Wasan Yara Da Ya Zama Adana Tarihi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai magidanta, har da dattawa masu jikoki, da ke ware ɗaki guda a gida domin ƙananan jiragen ƙasa. Sukan shimfiɗa layin dogo a kan tebur, su gina tasha da gada, su ɗora kan jirgin da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Mai kallo zai ce wasa ne, amma abin yana da tarihi.

Tun a ƙarni na 19 maƙera a Ingila suke ƙera ɗan kan jirgi na tagulla, a zuba masa ruwa, a kunna wuta a ƙarƙashinsa, tururi ya tura shi a tsakar ɗaki ba tare da layi ba. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jirgi mai wani irin na agogo a kasuwar baje koli ta Leipzig, tare da layin da ake harhaɗawa mai faɗi tsayayye. Wannan ne ya sauya komai, domin taragon da aka saya bana zai hau layin da aka saya bara. A Amurka aka kafa Lionel a 1900, ya shahara da jirage masu lantarki. A Ingila kuma Frank Hornby na Liverpool ya fito da nasa a 1920.

Daga nan sai aka koma ga ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage komai sau 87. Kan jirgi mai tsawon mita 20 zai dawo kusan santimita 23, faɗin layinsa kuwa milimita 16.5. Bututun hayaƙi, ƙafafu, ɗakin direba, har lambar jirgin, duk sai sun dace da na gaskiya.

Amfanin wannan ƙwaƙƙwafi ya fito fili lokacin da dizal da lantarki suka kori kwal. Hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina aiki da tururi a manyan layukanta a watan Agustan 1968, aka yanka dubban kawunan jirage aka sayar a matsayin tsohon ƙarfe. Nau'o'i da dama babu ko ɗaya da ya tsira, sai hoto da zane da waɗannan ƙananan.

Mu ma abin ya shafe mu. Layin dogo ya kai Ibadan daga Legas a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma kwal ɗin Inugu ne ya riƙa ciyar da jiragen. A cikin taragunsu shanu da gyaɗa suka gangaro kudu, goro ya hau arewa, kakannin da yawa daga cikinmu suka zo suka zauna. Yau yaranmu ba su san kamannin jirgin ba, duk da akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Jaekel House da ke Ebute Metta.

Hannun da ke ƙera motar kara da ta langa-langa ba zai gaza ƙera jirgi ba, in ya sami hoto da awo. Saboda haka duk wanda ke da tsohon hoton jirgi ko tasha, ko dattijon da ya yi aikin reluwe, ya sanar da ƙungiya mu rubuta abin da ya sani tun yana raye. Allah Ya jiƙan magabatanmu.