Sankarar Huhu: Yadda Take Bijire wa Magani

'Yan uwa, mukan ga mai sankarar huhu ya samu sauƙi da magani, bayan kamar shekara guda sai ciwon ya dawo. Nan da nan sai mu ce maganin jabu ne, ko likita ya yi sakaci. Sau da yawa ba haka ba ne. Ciwon ne ya sauya kama.

A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai ƙwayoyin gado masu ba ta umarnin lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. Ɗaya daga cikinsu ana kiran ta EGFR. Idan ta samu sauyi, sai ta zama kamar makunnin lantarki da ya maƙale a kunne, ƙwayoyin huhu su yi ta ninkuwa babu tsayawa. Galibi wannan sauyi a cikin ƙarin yake faruwa, ba daga iyaye aka gaje shi ba. Ya fi yawa ga mata, da waɗanda ba su taɓa shan taba ba, da mutanen gabashin Asiya.

A shekarar 2004 masu bincike a Amurka suka gano cewa masu wannan sauyi su ne maganin gefitinib ya fi yi wa aiki, domin yana toshe wannan makunni. Amma a cikin miliyoyin ƙwayoyin ƙari akan samu 'yan kaɗan masu wani sauyi na biyu. Magani ya kashe sauran, su kuma su tsira su yaɗu. Mafi shahara shi ne T790M, wanda ake samu ga kusan rabin waɗanda ciwonsu ya dawo.

A 2015 Amurka ta amince da osimertinib, wanda ke cin ƙarfin T790M. Shi ma daga baya ciwon kan kauce masa, ta hanyar sauyin C797S, ko ta ninka wata ƙwayar gado mai suna MET.

Saboda haka idan ciwo ya dawo, abin da ya kamata mu nema shi ne a sake gwaji, ko na tsokar ƙarin ko na jini, don a san wane sauyi ne ya shigo. Sakamakon ne zai nuna wa likita maganin da ya dace. Kada kuma mu bar majinyacinmu ya ajiye magani da kansa kafin ya ga likitansa.