Bargon da Matan Osage Suka Mayar Nasu

Siliki da ulun daga Turai suka zo, amma ɗinkin na matan Osage ne. Tun ƙarni na 18 fataken Faransa ke kawo wa wannan ƙabila ta 'yan asalin Amurka zirin siliki launi-launi. Matan sukan jera shi hawa-hawa, su yanka, su ninke, su ɗinke a bakin bargon ulu har zane ya fito. Da aka mayar da ƙabilar Oklahoma a 1872, sana'ar ta bi ta. Daga baya gwanayen ɗinkin suka yi ƙaranci, sai Georgeann Robinson da 'yan'uwanta mata biyu suka tsaya nazarin tsofaffin ɗinke-ɗinke, suka buɗe shago a Pawhuska. A 1982 gwamnatin Amurka ta karrama ta. Har yau matan Osage na yafa bargon a raye-rayen watan Yuni.