Su: Kamun Kifin Gayya

Su shi ne kamun kifi na gayya da ake yi da rani, bayan ruwa ya janye ya bar tafkuna. A garuruwan bakin kogi kamar Gwaram, manomi da ɗan kasuwa kan ɗauki homa su faɗa ruwa tare da masunta. Tarwaɗar da mutum zai kamo ba lallai ta biya wahalarsa ba. Abin da ke jan sa shi ne raha da gasa da ganin dangin ƙauyukan maƙwabta. Wanda ya fi shahara shi ne na Argungu, da aka soma a 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato.