Kafin a rubuta dokar, sai da aka yi zaman makoki

Satina na farko a reluwe, tsohon direban da aka haɗa ni da shi bai bar ni na hau kan jirgi ba. Aikina bin taragai ɗaya bayan ɗaya, ina duba tiyon birki. Da na gaji na yi ƙorafi, sai ya ce: "Yaro, tayar da jirgi kowa ya iya. Ana biyanmu ne don mu tsayar da shi." Daga nan ya ba ni labarin Arma.

A watan Yunin 1889, a Arma ta ƙasar Ayalan, jirgi cike da 'yan makaranta masu zuwa shaƙatawa bakin teku ya kasa hawa gangare. Aka yanke shawarar raba shi biyu, aka tokare taragan baya da duwatsu. Birkin wancan jirgin, da zarar an cire tiyo ya saki ke nan. Kan jirgin ya ɗan ja baya ya ture su, duwatsu suka murƙushe, taragai goma suka gangara suka yi karo da jirgin da ke biye. Mutum 80 suka mutu, da yawansu yara. Kafin shekarar ta ƙare majalisar Birtaniya ta tilasta birkin da ke kama kansa idan tiyo ya tsinke. Tiyon da nake raina dubawa, gadon waɗannan yaran ne.

Darasi na biyu ya fi shafarmu, domin tsohon layinmu na Legas zuwa Kano tilo ne, mai tafiya da mai dawowa duk a kansa suke. Saboda haka a zamaninmu direba ba ya barin tasha sai an damƙa masa ƙarfen izini na wannan zangon, kuma guda ɗaya ne ke fita daga na'ura a lokaci guda. Tsari ne mai kyau, amma a Abamul ta Wels, a 1921, ma'aikatan tasha suka rikice suka mayar wa direba ƙarfen da ya shigo da shi na zangon baya. Bai karanta sunan da ke jiki ba. Ya kama hanya, suka yi taho-mu-gama da jirgin da ke zuwa, mutum 17 suka rasu. Na'ura ba ta yi laifi ba. Sabo ne ya sa kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya duba.

Mu ma muna da namu tabon. Duk tsohon ma'aikacin da ya bi layin Kafanchan zuwa Makurɗi, in ka ce Langalanga sai ya yi shiru, don jirgin fasinjan da ya goce ya afka rami a can a 1970.

Yau akwai layi mai faɗi da sigina ta lantarki tsakanin Abuja da Kaduna, ina kuma murna da hakan. Sai dai in matashin direba ya zo gaishe ni, abu ɗaya nake tambayarsa: ƙarfe ne ko takarda ko allon kwamfuta, yana karanta abin da aka ba shi, ko karɓa kawai yake yi? Har na ajiye aiki, ban taɓa sa ƙarfen izini a jaka ba sai na furta sunan zangon da ƙarfi, abokin aikina ya maimaita.