Mashaya Taba a Wuraren Aiki: Abin da Doka Ta Hana da Abin da Ta Kare

Kwanar Dangora mahaɗa ce a kan babbar hanyar Kano zuwa Zariya, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta ratse ta nufi Jos. Jama'ar Kiru da Bebeji da sauran yankin suna aiki a tashoshin mota da gidajen mai da injinan casar shinkafa, baya ga makarantu da asibitoci. Ganin haka muka ga ya dace mu fayyace matsayin ma'aikacin da ke shan taba sigari, domin iyayen gida da ma'aikatansu sukan jahilci iyakar haƙƙinsu.

Tun a shekarar 1990 aka kafa dokar soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a wasu wuraren taruwar jama'a. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2005, sannan aka sa hannu a kan Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa a 2015, aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019. Dokar ta hana busa taba a cikin ofisoshi da motocin haya da harabar makarantu da ta asibitoci, kuma hukuncin wanda ya karya ta shi ne tarar Naira dubu 50 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Saboda haka direban da ya kunna sigari cike da fasinja a hanyar Falgore ba shi da hujja. Mai sayar da mai a bakin famfo kuwa, nasa ya wuce batun lafiya ya koma na gobara.

Amma dokar wurin sha ta taƙaita, ba ta ce a kori mashayi daga aiki ba. A nan ne Dokar Ƙwadago take shigowa. Sashe na 13 ya ba wanda ke aikin awa 6 ko fiye a yini hutun da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba. A fahimtarmu, abin da ya yi da wannan lokaci a wurin da ba a hana ba, sha'aninsa ne. Sai dai ba shi da ikon neman ƙarin hutu don taba, abokan aikinsa suna ɗauke masa nauyi. Sashe na 5 ya hana ubangida yanke albashi da sunan tara, al'adar da wasu ke ɗauka horo ne na gyara. Sashe na 11 kuma ya wajabta notis kafin sallama: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, sai wata 1 daga shekara 5. Wannan bai hana korar nan take a kan babban laifi ba, kamar kunna wuta a sito mai cike da buhuna bayan an yi gargaɗi.

Batun ɗaukar aiki ya fi sarƙaƙiya. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya saboda ƙabila ko asali ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa, bai ambaci taba ba. Ƙasashen waje ma sun rabu: jihohi 29 na Amurka suna da dokokin kare mashaya, alhali ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ɗaukarsu aiki a 2005. Dole a rarrabe wannan duka da tabar wiwi, wadda mallakarta kanta laifi ne.

Wanda ya ga an zalunce shi zai iya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba ikon sauraron ƙararrakin rashin adalci a wurin aiki, kuma tana da reshe a Kano. Ya tafi da takardar sharuɗɗan aikinsa, wadda sashe na 7 ya wajabta a ba shi cikin wata 3 da fara aiki.