Ralph Emery: Mai tsaron ƙofar Nashville da zambon da ya bi shi har tsufa

A watan Nuwamban 2025 ne shirin Grand Ole Opry ya cika shekara 100 ana watsa shi daga birnin Nashville na jihar Tennessee a Amurka. Duk wanda ya taso yana jin Jim Reeves ko Don Williams ko Dolly Parton a akwatin rediyon gidansu ya ɗanɗani abin da aka dafa a wannan tukunya, ko da bai san sunanta ba. Kamar yadda aka saba, mawaƙa ne suka kwashe yabon bikin. Ni kuwa wanda ya faɗo mini a rai ba waƙa ce sana'arsa ba. Sunansa Ralph Emery, mai gabatar da shirye-shirye, wanda ya daɗe riƙe da makullin garin a fagen kiɗan kantiri.

An haife shi a 1933 a wani ɗan gari mai suna McEwen, a gidan da zaman iyaye bai yi daɗi ba. Yaro ne mai jin kunyar mutane. Ya yi aikin nuna wa 'yan kallo kujera a gidan silima, ya yi jeren kaya a kanti, har ya tara kuɗin shiga makarantar koyon aikin rediyo. Malaminsa a can shi ne John Richbourg, farar fata da ya yi suna wajen sa waƙoƙin baƙaƙen fata a tashar WLAC, har masu sauraro da yawa suka ɗauka baƙi ne. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. A 1951 Emery ya samu aiki a wata ƙaramar tasha a garin Paris, na Tennessee fa, ba na Faransa ba. Ya yi ta sauya ƙananan tashoshi har 1957, lokacin da tashar WSM ta ɗauke shi yana ɗan shekara 24, ta ba shi aikin da manya ke gudu, wato kwanan zaune.

Ashe arziki ne a cikin tsumma. Wani kamfanin inshora ne ya kafa WSM a 1925 don tallata hajarsa, kuma tashar na da ƙarfin wat 50,000 a matsakaicin zango. Wanda ya taɓa murɗa rediyo da tsakar dare ya san yadda tashoshin nesa ke shigowa tar idan rana ta faɗi. Muryar Emery takan kai jihohi fiye da 30, ga direbobin manyan motoci da masu aikin dare da mawaƙan da ke kan hanyar dawowa daga wasa. Dabararsa ɗaya ce: ya bar ƙofar ɗakin watsa shiri a buɗe. Wanda ya ga dama ya shigo, a yi hira, a sha gahawa. Marty Robbins yakan zauna kan fiyano ya yi ta waƙa har gari ya waye. Sabon mawaƙi ya zo da faifansa a hannu, kafin asuba an san sunansa a rabin ƙasar. Shekara 15 ya yi a haka, kuma daga baya ya amsa da bakinsa cewa ƙwayoyin hana barci sun taɓa kama shi.

Daren da ya ɗan tura ƙofar nan shi ne wanda aka fi tunawa. A watan Maris na 1968 ƙungiyar The Byrds, samarin Kalifoniya masu kiɗan rok, ta zo Nashville ɗaukar faifan da ya zama Sweetheart of the Rodeo. Sabon ɗan ƙungiyar, Gram Parsons, shi ya ja su zuwa kiɗan kantiri. Sun rage gashi, sun hau dandalin Opry, amma 'yan kallo suka yi musu ihu. Parsons ya ƙara ɓata lamarin: an sanar za su rera waƙar Merle Haggard, shi kuma ya kauce ya rera tasa, Hickory Wind, abin da ba a yi a wannan dandali. Ana cewa cikin 'yan gida mawaƙiya Skeeter Davis ce ta tarbe su da fara'a, kuma ita tsohuwar matar Emery ce.

A wannan zuwan ne kuma suka kai wa Emery faifan sabuwar waƙarsu, You Ain't Goin' Nowhere, wadda Bob Dylan ya rubuta. A ruwayar Roger McGuinn, shugaban ƙungiyar, Emery ya yi ta yi musu shaguɓe, ya tambayi abin da waƙar ke nufi, McGuinn ya ce ta Dylan ce, kowa ya san ba a faye gane inda ya dosa ba. Da ƙyar aka sa faifan, aka kuma kushe shi a gabansu, duniya na ji. Samarin suka haɗiye. A wani otal a Landan, McGuinn da Parsons suka tsara masa zambo mai suna Drug Store Truck Drivin' Man, suka kwatanta shi da direban ƙarya, suka kuma liƙa masa shugabancin Ku Klux Klan, ƙungiyar ƙyamar baƙar fata. Waƙar ta fito a 1969, kuma a ƙarshenta an ambaci sunan Ralph don kada a yi saɓani. A bikin Woodstock na wannan shekara Joan Baez ta rera ta, sai dai can Ronald Reagan, gwamnan Kalifoniya a lokacin, aka sadaukar wa.

Tun daga nan labarin ya rabu biyu. Masu rubuta tarihin rok suna ɗaukar Emery a matsayin hoton tsohuwar Nashville, mai ƙin baƙo, mai tsoron sabon abu. Mutanen Nashville kuwa suna cewa aikinsa ya yi: ya san masu sauraronsa, kuma a 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, direban da ke tuƙi da ƙarfe uku na dare ba ya son jin 'yan dogon gashi.

A ganina kunnen Emery ya yi kuskure a daren nan. Mai kaɗa jitar ƙarfen nan mai kuka a cikin faifan, Lloyd Green, ɗan gida ne da manyan mawaƙan garin ke ɗauka aiki kullum. Da wani mai hular kaboyi ne ya kawo waƙar, da wuya ta sha wannan tambaya. Gashin aka duba, ba sautin ba. Amma zancen Klan zambo ne kawai, kuma mai zambo ba ya neman shaida. Almajirin John Richbourg ne, kuma Charley Pride, baƙar fatan da ya fi kowa ɗaukaka a kiɗan kantiri a zamaninsa, ya sha zama baƙo a shirye-shiryensa. Wanda ke neman laifin Emery na gaske ya fi kyau ya duba littafin da Skeeter Davis ta fitar a 1993, inda ta ba da nata labarin aurensu na 1960 zuwa 1964, bayan shi ya ba da nasa a littafinsa Memories a 1991.

Zambon bai rage masa komai a kasuwa ba. Ya koma talabijin, shirinsa na sassafe ya fito da Lorrie Morgan da The Judds, uwa da 'yarta. Ya gabatar da Pop! Goes the Country daga 1974 zuwa 1980, sannan Nashville Now daga 1983 zuwa 1993, inda ɗan tsana mai suna Shotgun Red ke taya shi raha. A wannan shirin ne, tsakiyar shekarun 1980, McGuinn ya zauna gabansa a matsayin baƙo, Emery da kansa ya tono maganar waƙar. Parsons ba ya nan, ya rasu tun 1973 yana ɗan shekara 26. A 2007 aka shigar da Emery zauren girmama gwarazan kiɗan kantiri, ya rasu a Nashville ranar 15 ga Janairun 2022 yana da shekara 88.