Mudun Landan, Hatsin Kangire

A 1948, lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ba Ibadan ce ke ba da digiri ba. Jami'ar Landan ce ke amincewa da manhaja, da hannunta ake tsara jarrabawa, kuma sunanta ne a kan takardar shaida. Haka aka tafi har 1962. Digirin yana da nauyi, duk inda aka kai shi a ƙasashen da Ingila ta mulka ana karɓarsa hannu bibbiyu. Sai dai ƙofar shigarsa ƙunci gare ta. Yaron da aka haifa a Kangire, garin manoma a ƙasar Birnin Kudu, wadda a lokacin take cikin Lardin Kano, sai ya haye elemantare, ya haye midil da sakandare, ya ƙara da karatun share fage, kafin a ma dubi takardarsa. 'Yan Arewa da suka kai can a wancan zamani ba su taka kara sun karya ba.

Tun daga ranar, tarihin jami'a a Najeriya ya zama tarihin mudu: wa ya sassaƙa shi, kuma hatsin wa ake aunawa da shi.

Kwamitin Eric Ashby kan ilimi mai zurfi ya miƙa rahotonsa a 1960, ya ba da shawarar a ƙara jami'o'i. Sardauna Ahmadu Bello bai yi sanya ba. A watan Oktoba na 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Norman Alexander, mutumin New Zealand, a matsayin shugabanta na farko. Tsarin Ingila aka ɗauko kacokan: digiri na shekara 3, babbar jarrabawa a ƙarshen shekara, da malamai daga waje masu zuwa su sake duba takardun ɗalibai. Amma Zariya ta lura da wani abu da Landan ba ta da dalilin lura da shi. Sakandaren Arewa masu ajin share fage kaɗan ne, don haka in aka tsaya jiran su, ɗaliban Arewa ba za su cika azuzuwa ba. A zamanin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka buɗe makarantar share fage ta SBS a cikin jami'ar kanta. Ba a sassauta ma'auni ba, tsani aka kafa wa ɗan ƙauye ya hau ya kai gare shi. A ganin mai wannan rubutu, cikin duk gyare-gyaren da aka yi wa jami'a a Arewa babu wanda ya amfani ɗan talaka kamar wannan, kuma ba daga waje aka aro shi ba.

Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu tana cikin makarantun da suka riƙa tura ɗalibai gaba. Abdullahi Umar Ganduje ya bi ta nan, ya wuce kwalejin horar da malamai ta Kano, sannan Zariya. Aliko Ɗangote ma ya bi ta nan, amma shi Azhar ta Masar ya nufa. Wannan abin lura ne, domin a ƙasar Hausa "matsayin duniya" bai taɓa zama Landan ita kaɗai ba. Alƙahira da Madina da Khartoum ma duniya ce.

Daga baya aka juya akala zuwa tsarin Amurka. An kafa JAMB a 1978, tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982, ajin share fage na sakandare ya bi ruwa, digiri ya koma shekara 4. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ikon gindaya mafi ƙarancin ma'auni, kuma a 1989 ta fitar da shi. Samista ta shigo, da lissafin maki kwas-kwas. Ɗalibai sun ga amfanin abin nan take: wanda ya faɗi darasi ɗaya ba zai maimaita shekara sukutum ba, kariyoba zai ɗauka ya ci gaba. Tantance kwasa-kwasai kuma ya zama sandar da shugabannin jami'a ke ɗagawa gwamnati, su ce in ba a gina ɗakin gwaji ba, za a rufe sashe.

Sai dai gyaran ya zo a mugun lokaci. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi warwas, albashin farfesa ya daina kai shi ƙarshen wata. Malaman Indiya da Pakistan da Ingila suka tattara nasu ya nasu, 'yan gida da dama suka bi bayansu. Ɗakunan karatu suka daina sayen mujallun bincike na waje. A 1990 Bankin Duniya ya zo da rancen dala miliyan 120 don jami'o'in tarayya, da sharuɗɗan rage ma'aikata da tsuke wasu kwasa-kwasai. Ƙungiyar malamai ta ASUU, ƙarƙashin Attahiru Jega na Jami'ar Bayero, ta ce atafau ba ta yarda ba. Yajin aikin 1992 shi ya haifi harajin ilimi na 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, wanda a 2011 ya zama TETFund. Yawancin manyan gine-ginen da ake nunawa baƙi a jami'o'in Arewa yau, da kuɗin wannan asusu aka yi su, kuma dabarar daga malaman gida ta fito.

Daga wancan talauci ne kuma aka koyi wata ɗabi'a marar kyau da har yanzu ba a rabu da ita ba. Duk wanda ya zauna a jami'a ya san yadda makon zuwan masu tantancewa yake a wasu wurare: a shafa fenti, a aro na'urori daga wata makaranta, a cika kanta da littattafan malamai, a rubuta sunayen farfesoshin da ba su taɓa tsayawa gaban ajin ba. Baƙi na juya baya, kowa ya zo ya kwashe kayansa.

Jigawa, inda ƙasar Birnin Kudu ta faɗa, ta zama jiha a 1991, amma sai da ta yi shekara 20 ba ta da jami'a. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sule Lamido, ɗan Bamaina a nan ƙasar Birnin Kudu. Ga ɗan Kangire ko ɗan Gwaram, jami'a ta matso kusa, ana iya zuwa a dawo a yini guda. To amma a 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. An rage satar amsa, sakamako yana fitowa cikin 'yan kwanaki, wannan ba a musu. Sai dai a dubi yaron da ya baro gida tun asuba, ya zauna gaban allo, ya ɗora hannu kan linzamin kwamfuta karo na biyu ko na uku a rayuwarsa, kibiya tana guje masa, agogo yana ci a kusurwa. Ya san amsar tambayar lissafin. Abin da bai sani ba shi ne inda zai danna.

A ɓangaren malamai ma haka abin yake da fuska biyu. Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwan Sama ta Jami'ar Bayero ta shiga shirin cibiyoyin ƙwarewa na Bankin Duniya a 2014, ta samu ɗakunan gwaji na gaske, ɗalibai suna zuwa mata daga Nijar da wasu maƙwabta, kuma gero da dawa da wake take bincike a kai, abin da manomin Kangire ke shukawa. A nan kuɗin waje ya faɗa kan buƙatar gida. Amma a wannan jami'a dai aka wallafa Ƙamusun Hausa a 2006, aikin shekaru masu yawa, kuma masu jera jami'o'in duniya ba su da gurbin da za su sa irin wannan aiki. Malamin da ya rubuta bincike mai zurfi da Hausa, ba kasafai jerin mujallun bincike na Scopus ke ganinsa ba. Likitan da aka horar da harajin talaka ya kai matsayin da Ingila da Saudiyya ke so kuwa, sau da yawa can yake ƙarewa, alhali marasa lafiya na bin layi a asibitocin Jigawa.

A watan Disamba na 2022, watanni biyu bayan yajin aikin ASUU na wata 8, NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, da hujjar fitar da ɗalibai masu gogayya da na ko'ina. Kashi 70 cikin 100 daga Abuja yake zuwa, kashi 30 aka bar wa kowace jami'a. ASUU ta ce an ƙwace aikin majalisar malaman jami'a, kuma tana da hujja. Duk da haka kashi 30 ba abin rainawa ba ne, in Dutse da Kafin Hausa suka cika shi da abin da ke gabansu: noman riɗi da zoɓo, fadamun Haɗeja, rikicin makiyaya da manoma, zanen duwatsun Birnin Kudu, da koyar da kimiyya cikin Hausa ga malaman firamare da za su koma Kangire da Gwaram su tsaya gaban allo.